Sharhi: Tarihin rediyon Anfani da tambayar wa ke riƙe da akalar tashoshin FM a Nijar

A fadarmu da ke unguwar Dar es Salam a Yamai akwai wani tsohon akwatin rediyo da ake ratayewa a reshen dogon yaro. Na mai gadin gidan da muke zama a ƙofarsa ne, amma kowa na murɗa shi. Shekara da shekaru wannan akwati ne agogon layinmu. Da an idar da sallar asuba sai Muryar Amurka, sai BBC, sai tashar Jamus ta DW, duka a kan tashoshin FM na cikin gari, ba tare da wahalar laluben gajeren zango ba. Tsakanin ƙarshen 2024 da farkon 2025 wannan jeri ya watse. Gwamnati ta dakatar da BBC, ita kuma Muryar Amurka masu ita ne suka kashe ta daga can Washington.

Ana cikin hirar wannan al'amari ne wani matashi ɗan kabu-kabu ya tambaye mu su wane ne ma masu waɗannan tashoshi da muke saurare. Abin mamaki, babu wanda ya yi dogon tunani. Duk tashar da aka ambata, sai wani ya kira sunan mutum ɗaya. Wannan amsa ita ce ta sa na koma bin tarihin ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen rediyo masu zaman kansu na ƙasar nan, wato Anfani, domin a cikin tarihinsa akwai ƙarfin irin wannan mallaka, akwai kuma rauninta.

Lokacin da murya ɗaya ce

Matasan da suka taso suka tarar da tashoshi birjik ba lallai su san cewa iyayensu sun yi sama da shekara talatin da gidan rediyo ɗaya tak ba. An buɗe rediyon Nijar a 1958, aka sauya masa suna zuwa Muryar Sahel a 1974, shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki. Abin da gwamnati ta so a ji shi ake ji. Mai neman wani labari daban sai ya kama BBC Hausa, wadda ta fara aiki a 1957, ko DW, ko rediyon Kaduna.

Ƙofa ta fara buɗewa ne da jarida. A 1990 Ibrahim Cheick Diop ya fito da Haské, jarida mai zaman kanta ta farko a wancan zamani. Taron ƙasa na 1991 ya kawo mulkin jam'iyyu da yawa, dokokin 1993 kuma suka ba ɗan kasuwa damar neman izinin kafa rediyo. A 1994 tashar R et M ta fara watsa shiri a Yamai. Abin ba a Nijar kaɗai ya faru ba. Horizon FM ta riga ta fara a Wagadugu, Bamakan a Bamako, kuma a wannan shekara ta 1994 aka buɗe Sud FM a Dakar da Raypower a Legas. Kano kuwa sai a 2003 ta samu Freedom Radio. Ke nan mutanen Yamai sun riga Kanawa jin rediyo mai zaman kansa.

Grémah Boucar da Anfani

Grémah Boucar ɗan asalin Maïné-Soroa ne a jihar Diffa. Da jarida ya fara, mai suna Anfani, a 1992. Sai dai jarida da Faransanci take, kuma akasarin mutanen ƙasar ba sa karanta Faransanci. Rediyo kuwa yana shiga kasuwa da tasha da cikin gida, da Hausa da Zabarmanci. Saboda haka ba da jimawa ba bayan R et M sai Anfani FM ta biyo baya, ta kuma zaɓi hanyar labarai da muhawarar siyasa. Ta ƙulla yarjejeniya da Muryar Amurka da BBC da DW tana sake watsa shirye-shiryensu. Daga baya ta buɗe rassa a Maraɗi da Damagaram da Diffa da Birnin Ƙonni, ta zama muryar da ake ji daga bakin kogin Isa har gabashin ƙasa.

Jarrabawar gaske ta zo bayan juyin mulkin 27 ga Janairun 1996, lokacin da Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da gwamnatin Mahamane Ousmane. A zaɓen watan Yuli na wannan shekara, wanda aka rusa hukumar zaɓe ta CENI ana tsakiyar kaɗa ƙuri'a, Anfani na ba ƴan adawa damar magana. Sojoji suka mamaye gidan, aka rufe shi kimanin wata guda. A watan Maris na 1997 wasu mutane biyar sanye da kayan soja suka afka wa tashar, suka farfasa kayan aiki da aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai dalar Amurka 80,000. Maimakon a kamo maharan, sai aka tsare mai gidan da wasu ma'aikatansa, bisa zargin cewa su suka shirya harin da kansu don su samu tallafi daga waje.

Tashar ta sake tashi. A 1998 kwamitin kare ƴan jarida na CPJ da ke New York ya ba Grémah Boucar lambar yabonsa ta ƴancin aikin jarida, a 2000 kuma cibiyar IPI da ke Vienna ta sanya shi cikin gwarazan aikin jarida 50 na duniya. Ba'are bai ga wannan na biyu ba, domin an kashe shi a filin jirgin saman Yamai ranar 9 ga Afrilun 1999.

Ni lokacin da aka fasa Anfani ko tafiya ban fara ba. A aji na ji labarin, a makarantar koyon aikin jarida ta IFTIC. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da gidan na hannun wani kwamiti ne na masu hannun jari da ke tsoron asara, da wuya ya sake buɗewa bayan hari na farko, balle na biyu. Taurin kan mutum ɗaya ne ya riƙe shi. Wannan shi ne alherin mallakar mutum ɗaya, kuma bai kamata a raina shi ba.

Kowace tasha da mai ita

Tafarkin da Anfani ta bi shi sauran suka bi. Sunan Saraounia ba ya rabuwa da na Moussa Kaka, Dounia da Abibou Garba, Labari da Ali Idrissa. A takarda kamfanoni ne masu rajista, amma a bakin jama'a da kuma wajen yanke shawara, mutum ɗaya ake kallo.

Illar wannan tsari ita ce duk abin da ya taɓa mai gida ya taɓa tasha, duk abin da tasha ta faɗa kuma a kan mai gida ake ɗora shi. An kama Moussa Kaka, wanda kuma shi ne wakilin RFI, a watan Satumbar 2007 bisa zargin alaƙa da ƴan tawayen MNJ, ya yi sama da shekara guda a tsare kafin a sake shi a Oktobar 2008. A ƙarshen Yunin 2009, lokacin rikicin Tazarce na Tandja Mamadou, an ba da umurnin rufe Dounia, sai da kotu ta shiga tsakani. Ranar 25 ga Maris na 2018, a zamanin Issoufou Mahamadou, jami'an tsaro sun rufe Labari a ranar da aka kama Ali Idrissa tare da wasu jagororin ƙungiyoyin farar hula masu adawa da dokar kasafin kuɗi. Mulkin soja da na farar hula, babu wanda bai gwada wannan hanya ba. Mai son ya rufe bakin tasha ba ya buƙatar bin ma'aikata talatin. Mutum ɗaya zai matsa wa.

Akwai kuma wata fuskar da mu ƴan jarida ba mu cika son faɗa ba. Mai gida ɗan Adam ne. Yana da abokai a siyasa, yana da wasu harkokin kasuwanci, wani lokaci yana neman kwangila ko muƙami. Ranar da ya shirya da masu mulki sai a ji muryar tasharsa ta yi laushi, ranar da suka ɓata kuma sai ta koma ta ƴan adawa. Mai sauraro a Dar es Salam ko Lazaret yana jin sauyin, amma babu wanda ya taɓa yi masa bayani. Ma'aikacin da ya ƙi bin sabon layi kuwa, ba shi da wata majalisa da zai kai ƙara a cikin gidan.

Ina kuɗin ke fitowa?

Sanin sunan mai gida rabin amsa ne. Ɗaya rabin shi ne sanin wanda ke biyan kuɗin wuta. Gidan rediyo na cin kuɗi kullum: wutar Nigelec, man janareta idan an ɗauke ta, hayar gida, kuɗin mitar da ake watsa shiri a kai, haƙƙin mawaƙa da ake biya ta hukumar BNDA, haraji, gyaran na'ura, sannan albashi.

Hanyoyin shigar kuɗi kuma ba su da yawa. Ta farko ita ce talla, kuma manyan masu talla a Nijar ƴan ƙalilan ne: kamfanonin waya irin su Airtel da Moov da Zamani, bankuna, da kamfanonin aika kuɗi. Ta biyu sanarwa ce, ta aure da suna da rasuwa da cigiya, sai masu maganin gargajiya da masu wa'azi da ke sayen fili. Ta uku ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya ƙasa, masu biyan kuɗin shirye-shiryen faɗakarwa kan rigakafi ko karatun ƴaƴa mata. Ta huɗu ƴan siyasa, musamman lokacin yaƙin neman zaɓe. Ta biyar asusun tallafa wa kafofin yaɗa labarai da hukumar CSC ta riƙa rabawa kafin juyin mulkin 2023. Ta shida ita ce hulɗa da manyan gidajen rediyon waje, wadda ke kawo shirye-shiryen da ke jan masu sauraro, da horo, da kayan aiki, wani lokaci da kuɗin fili.

Ko a lokacin da duka shidan ke aiki, abin bai isa ba. A 2018 ma'aikatar haraji ta garƙame wasu gidajen rediyo da talabijin da jaridu a Yamai saboda bashin lanho. Hukuma ta ce doka take bi, ƙungiyoyin ƴan jarida suka ce an fake da guzuma ne ana harbin karsana. Ko wanne ne gaskiya, abin da ya fito fili shi ne gidaje da yawa ba su da abin biya.

Na ga haka da idona. A wani gidan rediyo da na yi aikin sanin makama, wanda ba zan kira sunansa ba, na tarar da ma'aikatan da suka yi watanni ba albashi, wasu ma babu takardar ɗaukar aiki. Abin da ke riƙe su shi ne ɗan kuɗin mota da ake miƙawa bayan taron manema labarai. Da safe ana rabon aiki, kowa na addu'ar a tura shi taron wata ƙungiya a otal, ba unguwar da ruwa ya ci gidaje ba. Ban zargi kowa a cikinsu ba, domin ni ma na karɓa. Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya sauya tun 2023

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, waɗannan ƙafafu sun riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya. An dakatar da harkokin jam'iyyun siyasa, daga bisani aka rusa su a 2025, don haka babu kuɗin kamfe. Takunkumin CEDEAO da rufe iyakoki sun taɓa ƴan kasuwa, kuma ɗan kasuwar da ciniki ya ja baya talla yake fara yankewa. Ƙasashen Turai da dama sun dakatar da tallafinsu, sannan a farkon 2025 gwamnatin Donald Trump ta rushe ayyukan hukumar USAID. CSC ta tafi tare da sauran hukumomin jamhuriya ta bakwai, sai a 2025 aka kafa hukumar ONC a madadinta.

Ta ɓangaren gidajen waje, an katse RFI da France 24 a farkon Agustan 2023. Ranar 12 ga Disambar 2024 aka sanar da dakatar da BBC na wata uku, aka umurci tashoshin da ke sake watsa shirye-shiryenta su daina. A tsakiyar Maris na 2025 Muryar Amurka ta yi shiru, har da sashen Hausa da aka buɗe tun 1979, bayan wani umurni da Trump ya sa wa hannu. Wannan na ƙarshe darasi ne mai ɗaci. Babu wani jami'in Nijar da ya sa hannu a ciki, amma tashoshin Yamai da Maraɗi da Damagaram sun wayi gari da giɓi a jadawalinsu.

Doka ma ta ƙara tsauri. A 2010 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ta soke hukuncin ɗauri kan laifukan aikin jarida, a ranar 30 ga Nuwamban 2011 kuma Issoufou ya zama shugaban ƙasa na farko da ya sa hannu kan sanarwar Table Mountain mai neman a daina ɗaure ƴan jarida kan ɓata suna. A watan Yunin 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta gyara dokar laifukan intanet ta 2019, ta maido da ɗauri kan ɓatanci da yaɗa bayanan da za su iya dagula zaman lafiya. An dakatar da Maison de la Presse a Janairun 2024. A Janairun 2025 an dakatar da Canal 3 na ƴan kwanaki bayan wani rahoto da ya auna ƙwazon ministoci, a watan Mayu kuma aka kama ma'aikata uku na Sahara FM a Agadas.

Hujjar hukumomi ita ce ƙasa na cikin yaƙi, kuma wasu kafofin waje na yaɗa labaran da ke karya gwiwar sojoji. Matasa da yawa, har a fadarmu, sun yarda da wannan, suna cewa dama can ba daidai ba ne labarin Tillabéri ya je London ko Paris kafin ya dawo kunnen ɗan Yamai. Wasu kuma na ganin toshe kafa ba ya hana labari yawo, sai dai ya koma WhatsApp da TikTok inda babu mai tantancewa. Duk ɓangaren da mutum yake, tambaya ɗaya ta rage: idan kuɗin waje ya tafi, talla ta ragu, wa zai biya? Idan amsar ita ce gwamnati ko wani attajiri ɗaya, to mun koma gidan jiya na murya ɗaya, sai dai yanzu ta bakuna da yawa take fitowa.

Akwai wasu hanyoyin

Mallakar mutum ɗaya ba ita kaɗai ce hanya ba. Sud FM ta Senegal gungun ƴan jarida ne suka kafa kamfaninta ƙarƙashin jagorancin Babacar Touré. Kamfanin DAAR mai Raypower ya sayar da hannun jari ga jama'a a kasuwar hannun jarin Najeriya a 2008, kuma tashar ta ci gaba da aiki bayan rasuwar Raymond Dokpesi a 2023. A nan gida akwai gidajen rediyon karkara, waɗanda ƙungiyoyin mazauna gari ke riƙe da su, da Alternative FM ta ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, da Studio Kalangou wanda gidauniyar Hirondelle ta Suwizalan ta kafa a 2016 yana raba shirye-shirye ga tashoshi cikin harsuna biyar. Kowanne na da nasa ciwon. Rediyon karkara kan yi shiru idan batir ko na'ura ta mutu, mai dogaro da tallafi kuma yana rayuwa ne iya tsawon tallafin. Amma sun nuna cewa ana iya raba nauyi.

A ganina abubuwa huɗu za su taimaka, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a cikinsu. Na farko, hukumar ONC ta wallafa sunayen masu hannun jarin kowace tasha a inda kowa zai gani. Wanda ke shiga kunnen dubban mutane kullum bai kamata a ɓoye ko shi wane ne ba. Na biyu, duk shirin da aka biya kuɗinsa a faɗa a farkonsa da ƙarshensa, na gwamnati ne ko na ƙungiya ko na mai magani. Na uku, masu gidajen su rubuta yarjejeniya tsakaninsu da shugaban sashen labarai, su kuma ba ma'aikata takardar aiki da albashi tsayayye. Na huɗu, su yi tanadin wanda zai gaje su. Mutanen da suka kafa tashoshin farko sun yi shekara talatin suna wannan fama, kuma gidan da aka gina a kafaɗar mutum ɗaya yana iya zama kayan rabon gado ranar da babu shi.

Rabon mai sauraro

Saura mu. Mun saba rediyo kyauta ne, kamar iska. Ɗan Nijar da ke Abidjan ko Akara ko Tripoli ko Greensboro yana bin tashar garinsu a Facebook, yana aiko gaisuwa, yana aika kuɗi gida ta NITA ko Amana ko Al Izza kowane wata. A lissafa: idan masu sauraro 2,000 suka ɗauki alkawarin jika ɗaya a wata, an samu sefa miliyan 2. Wannan zai biya ma'aikata 20 albashin jika ɗari-ɗari. Ƙungiyoyin masu sauraro dama suna nan a unguwanni da garuruwa, abin da ya rage shi ne a mayar da zumuncin gaisuwa ya zama hannun jari. Amma fa wanda ya ba da kuɗinsa yana da haƙƙin a nuna masa lissafi, kuma a nan ne za a gane mai gidan da ya shirya raba iko da wanda tallafi kawai yake so.

A 1997 masu kayan soja sun farfasa na'urorin Anfani, aka sayo wasu, tashar ta dawo. Barazanar yau ba ta da ƙara irin wannan. Takardar kuɗin wuta ce da ba a biya ba, da ɗan jaridar da ya bar aiki ya koma tuƙa kabu-kabu, da awa guda ta labarai da aka cike da kiɗa. Akwatin mai gadinmu na nan rataye a dogon yaro, kuma gobe da asuba za a kunna shi. Abin da zai fito daga cikinsa ya danganta da wanda ya biya.